Wa Ya Ɗaure Shi, Kuma Har Yaushe?

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

 Gaisuwa ga mutanen Agye da Cadawa, da na Gazawa da Gangara. Gaisuwa ga Gidan Rumji, Cadakori, Gidan Sori, Sai Sabuwa da Tsibirin Gobir. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshen gawo, da uwargidan da ke surfe a tsakar gida, da direban da ke kan kwalta tsakanin Maraɗi da Tasawa, kowa ya ba ni aron kunnensa. Maganar yau ba ta da daɗin ji, sai dai da wuya a sami dangin da ba ta taɓa shiga gidansu ba. Maganar mai taɓin hankali ce: wa ke da ikon tsare shi, wa ke da ikon yi masa magani ba da sonsa ba, wa kuma ke da ikon taɓa dukiyarsa.

Bari in fara da gidanmu, don kada a ce ina nuna gidan wani da yatsa.

Ina da ɗan kawu, tsarana ne, rana ɗaya wanzami ya yi mana shayi. Yana da shekara 25, bayan ya dawo daga cin rani, sai barci ya ƙaurace masa. Ya kwana yana zagaya gida, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin rumbu. Aka yi rubutu, aka yi turare, abin sai gaba yake yi. Ran nan da la'asar ya ɗauki taɓarya ya farfasa randunan gidan, ya bi ƙanensa da gudu har bakin rijiya. Maza huɗu suka taru suka danne shi. Kafin a kira isha'i an ɗauko maƙeri.

Ga yaran yanzu da ba su san turu ba: gungumen ƙirya ne, a fafe masa rami daidai shigar ƙafa, a zura ƙafar mutum, a gitta ƙarfe, a buge bakinsa. Ni na riƙe wa maƙerin fitila a daren.

Kawu ya ce kwana biyu ne kawai, har jikin ya lafa. Sai da ya yi damina biyu a gindin bedin da ke bayan gida. Inna, mahaifiyarsa, takan cusa tsumma tsakanin itacen da idon sawunsa, don fatar wurin ta saɓule ta zama gyambo, ƙudaje na bi. Kwanon tuwo da kara ake tura masa. Wata safiya na je gaishe shi, na tarar idonsa ya washe. Ya kira ni da sunan wasan da muke kiran juna tun muna yara, ya ce, "Ɗan'uwa, wane wata muke ciki? An shuka mini gonar ayata kuwa?" Na rasa bakin amsa. An sayar da gonar tun bara. Rabin kuɗin ya tafi wajen raguna da sadakar masu magani, sauran ya bi ruwa. Ba wanda ya tambaye shi. Da na je na ce, "Kawu, yau fa lafiya lau muka yi hira da shi," sai ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro ne. Haka suke yi don a kwance su."

Jama'a, ku riƙe wannan magana ta Kawu. In ya yi ihu, a ce ga ciwon nan. In ya yi magana mai ma'ana, a ce dabara ce. To ta wace ƙofa zai fita?

Kawuna ba mugu ba ne, Allah ya ji ƙansa. Tsoro ne ya kama shi, ga yara ƙanana a gida, ga rashin sanin inda za a nufa. Amma mu kira abin da sunansa: wannan tsarewa ce, kurkuku ne a bayan gida. Ku kwatanta da ɓarawon da aka kama da akuya a kasuwar Cadawa. Jandarma za su riƙe shi awa 48, in za a ƙara sai da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Daga nan a kai shi gaban alƙali, a ji ta bakinsa, in an yanke masa wata shida ya san ranar fitarsa, yana ƙirga ta a bango. Shi kuwa wanda bai saci komai ba, ciwo ne Allah ya ɗora masa, ba a ji ta bakinsa ba, ba wa'adi, ba ɗaukaka ƙara. Ɓarawon akuya ya fi shi gata.

Duk dokar da ƙasashen duniya suka yi a kan taɓin hankali, in ka tace ta, tambayoyin da ɗan kawuna bai samu ba take ƙoƙarin amsawa: wa ya yanke a tsare shi, da wace hujja, har yaushe, kuma wa zai dawo ya duba ko har yanzu akwai dalili.

[Gajeren kiɗa]

Turawan da suka mulke mu su ma sun daɗe suna lalube a wannan duhu. A 1838 Faransa ta yi dokar da ta buɗe ƙofa biyu ta kai mutum gidan mahaukata, kamar yadda suke kiransa a lokacin. Ƙofa ta farko, dangi su nema, likita ya sa hannu. Ta biyu, hukuma ta ba da umarni in ana ganin mutum zai tayar da hankalin jama'a. Abin dariya, ƙofar farko sunanta "shiga da son rai", alhali son ran dangi ne, shi mai ciwon ba a tambaye shi ba. Shekara 100 cif bayan haka, a 1938, gwamna janar na Dakar ya kafa sashen kula da masu taɓin hankali na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, har da Nijar. Damuwarsu a lokacin ita ce a kawar da mutum daga kan hanya, warkewarsa ta biyo baya. Faransa da kanta ta sauya waccan doka a 1990, ta sake gyara a 2011, kuma yau in aka kwantar da mutum asibiti ba da yardarsa ba, dole alƙali ya duba maganarsa kafin kwana 12 su cika. Maƙwabtanmu na Najeriya sun zauna da dokar zamanin mulkin Ingila ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, har sai da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023.

Amma akwai wani hukunci da nake so kowane ɗan Nijar ya sani, don a ƙasarmu aka yanke shi. A watan Mayun 2003, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta yi zamanta na 33 a birnin Yamai. Cikin ƙararrakin da ta yanke akwai wadda wasu masu fafutuka biyu, Purohit da Moore, suka shigar a kan ƙasar Gambiya, a madadin majinyatan da ke tsare a sashen Kampama na babban asibitin Banjul. Dokar Gambiya ta 1917 ce, ta zamanin Ingila. Da zarar likitoci sun sa hannu an rufe mutum, shi ke nan: ba wanda zai sake duba maganarsa, ba lauya, ba ya ma jefa ƙuri'a. Hukumar ta ce wannan ya saɓa wa yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, ta fuskar mutunci, da daidaito gaban doka, da haƙƙin a saurari mutum, da haƙƙin samun lafiya. Ta ce har sunayen wulaƙanci da dokar ke kiran majinyata da su cin mutunci ne. Ta nemi Gambiya ta soke dokar, ta kafa kwamitin masana da zai bi kowane tsararre ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo maganar talauci, hukumar ta yarda ƙasashenmu ba su da ƙarfi, amma ta ce rashin kuɗi ba hujjar naɗe hannu ba ne. A Yamai aka faɗi wannan. Duk mai nazarin wannan fanni a Afirka sai ya bi ta kan wannan shari'a, mu kuwa da aka yi ta a tsakar gidanmu ba mu cika jin labarinta ba.

To, mu a nan, me ke hannunmu? Dokokin da suka shafi wannan magana a warwatse suke, sai an tsinto su ɗaya-ɗaya.

Kundin hukunta laifuka na ƙasarmu, na 1961 wanda aka yi wa gyara a 2003, ya hana kowa kama mutum ko tsare shi ko kulle shi ba da umarnin hukuma ba, kuma hukuncinsa ɗauri ne. Bai ce ban da uba ba, bai ce ban da malami ko boka ba. Shi dai wannan kundi ya ce wanda ya aikata abu a lokacin da hankalinsa ya gushe, ba a kama shi da laifi. Ke nan randunan da ɗan kawuna ya fasa ba laifi ba ne a idon doka. Turun da muka sa shi ne ke da tambaya a kansa.

Sai kundin da ke tsara mu'amalar jama'a, wanda muka gada daga Faransa. Daga sashe na 489 yana maganar hana mutum sarrafa dukiyarsa. Tsohuwar doka ce ƙwarai, har cewa take a hana shi ko da yakan farfaɗo lokaci-lokaci. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin masu naƙasa a 2008, kuma da kwamitin yarjejeniyar ya binciki ƙasarmu a Janeba a 2019, waɗannan sassa na cikin abin da ya ce a gyara. A ƙarshen 2019 ɗin, watan Disamba, aka yi sabuwar dokar masu naƙasa. Amma ku ji wani abu: ko waccan tsohuwar dokar da ake kuka da ita ba ta bar wa dangi su yanke hukunci a zaure ba. Ta ce sai gidan shari'a, sai an ji shawarar dangi, sai alƙali ya yi wa mutumin tambayoyi da kansa, kuma in dalili ya gushe a ɗage hanin. Abin da muke yi a ƙauye bai kai ko tsohuwar dokar ba.

Akasarinmu kuwa ba wannan kundi ake yi mana shari'a da shi ba. Dokar tsarin kotunanmu ta ce a maganar aure da saki da gado da gonakin gargajiya, har da cancantar mutum ya ƙulla ciniki, al'adar masu shari'ar ake bi, shi ya sa kuke ganin masu taimaka wa alƙali a gefensa. Al'adar Katsinawa da Gobirawa a wannan fanni kuwa ta sha fiƙihun Malikiyya har ta ƙoshi. A nan ne nake jin kunyar kanmu, don abin da malamanmu ke karantarwa a zaure ya fi abin da muke aikatawa nesa ba kusa ba.

Allah gafarta malam, in na yi kuskure a gyara mini. A babin hajru, wato hana mutum sarrafa dukiya, cikin Muhtasar na Shehu Halilu, hanin da ke kan mai hauka yana da iyaka, iyakarsa farfaɗowa. Malamai sun raba tsakanin wanda ciwon ya lulluɓe shi ba ya sakinsa, da wanda yakan tafi ya dawo. Na biyun, abin da ya ƙulla a lokacin da yake cikin hankalinsa ya ƙullu. Sakin da mutum ya yi cikin gushewar hankali ba saki ba ne. In ciwon ya sami miji, matar ta kai kuka, alƙali kan ba da shekara guda a nemi magani kafin a yi maganar rabuwa. Dukiyarsa kuwa tasa ce. Wanda aka ɗora a kanta, uba ne ko wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa, amana aka ba shi: ya ciyar da shi, ya yi masa magani, ya ciyar da iyalinsa, ya adana sauran. Ba rabon gado ba ne, mai ita yana raye.

Kun ga ke nan tun da daɗewa malamanmu sun gane abin da masana doka na zamani suke ta nanatawa, cewa hankali ba fitila ba ce da ake hurewa sau ɗaya ta mutu. Yana tafiya yana dawowa, kuma mutum kan kasa wani abu ya iya wani.

Ingila ta rubuta wannan a dokarta ta 2005, kuma ma'aunin da ta kawo kowa zai iya amfani da shi, ko a gindin bedi. Da farko, kowane baligi ana ɗaukarsa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka. Kuma ba a auna mutum gaba ɗayansa, shawara ɗaya ake aunawa, a lokacin da za a yanke ta. A zauna da shi a natse, a yi masa bayani da harshen da yake ji. Ya fahimci abin da aka ce? Ya riƙe shi har ya yi tunani a kai? Yana iya auna amfani da illa? Yana iya faɗin abin da ya zaɓa, ko da da hannu ne? Mu ɗauki maganar gona. Ka ce masa, "Wane, ana so a sayar da gonarka ta gabas don a yi maka magani." In ya ce, "A'a, in aka sayar me ƴaƴana za su ci? A ba da ita jingina, ko a sayar da bijimin," to wannan mutum ya auna, ko da jiya ya kwana yana magana da rumbu. In kuwa ya ce ai gonar aljannu sun ɗauke ta sun kai Makka, to yau ba ranar wannan magana ba ce, a jira. Gona ba ta gudu. Dokar ta ƙara da cewa don mutum ya zaɓi abin da kai kake ganin wauta ne, wannan bai mai da shi marar hankali ba. In da haka ne, da rabin masu ƙara aure bayan an sayar da aya suna turu.

Na daɗe a kan gona don kun san yadda ƙasa ta yi tsada a Agye da Gazawa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke kallonta. A irin wannan hali, ciwon ɗan'uwa kan zama ƙofa ga mai kwaɗayi. Ina kira ga masu gari da ƴan kwamitin ƙasa, wato kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada: in aka zo neman takardar sayar da gona aka ce mai ita ba shi da lafiya, kada ku buga hatimi sai kun gan shi ido da ido. Ku tambaya wa ya naɗa wannan mai sayarwa, kuɗin kuma ina za su. Yatsan da aka kama aka dangwala a takarda alhali ƙafar mai shi na cikin mari, wannan ba sa hannu ba ne.

[Gajeren kiɗa]

Na san akwai mai saurare da ke cewa, "Malam, kana ta zuba, amma ba kai ne aka bi da taɓarya ba." Gaskiyarka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko a tsakanin masana gardamar ba ta mutu ba. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2014 bai kamata a yanke wa mai naƙasa shawara a madadinsa ba sam, taimaka masa za a yi ya yanke da kansa. Likitoci da yawa suka ce wannan ya yi tsauri, akwai daren da in ba a riƙe mutum ba zai hallaka kansa ko wani. Ni dai, da na ga wancan dare da idona, ba zan ce kada a taɓa riƙe mutum ba. Abin da nake cewa, riƙon ya zama na hanya ne, daga gida zuwa likita, na awoyi, ba na damina ba. Kuma sai in akwai haɗari na gaske, ba don yana ba mu kunya gaban baƙi ba, ba don ya ƙi auren da aka zaɓa masa ba, ba don yana surutu a kasuwa ba.

In abin ya tashi, ga abin da ya fi. A kawar da wuƙa da adda da igiya da maganin ƙwari. A kori ƴan kallo, taron jama'a na ƙara masa firgita. Mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya yi masa magana, a hankali, ba gardama a kan abin da yake gani ko yake ji. In ya gagara, a nemi mai gari da jandarma ko magajin gari su taimaka a kai shi, don hukuma ce ke da wannan iko, kuma shigarta kariya ce gare ku ku ma.

Sannan ku taɓa jikinsa. Wannan ita ce maganar da ta fi kowace gaggawa a shirin nan. Mutumin da jiya lafiyarsa lau, yau ya rikice, ga zazzaɓi, ko wuya ya sanƙare, ko yana suma, wannan sau da yawa ba taɓin hankali ba ne. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, ko taifot. In aka ɗaure shi ana jiran ya lafa, gawa za a kwance. Haka macen da ta rikice cikin kwanakin jego, ta ƙi jaririnta ko ta daina barci: ciwo ne sananne, yana jin magani sosai, a kai ta da wuri, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn, kada kuma a aika mata da takardar saki tana cikin wannan hali. Farfaɗiya ma ba hauka ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta yawu. Yaran da tiramol da wiwi da shalisho suka birkita, su ma likita ne wurinsu.

Hanyar kuwa a san ta: daga likitar ƙauye, wato Se-Es-I, zuwa asibitin gunduma, daga nan babban asibitin jaha a Maraɗi. Ba kowane ciwo ne sai an kai Pabiyon E na babban asibitin Yamai ba, tafiyar fiye da kilomita 600. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a ƙasar nan, akasarinsu kuma a Yamai suke, irin wannan ƙaranci ne ya sa tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu. Magungunan tsofaffi ne, irin su halofaridol da kulorfuromazin, akwai ma allurar da ake yi kusan wata-wata ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ke yi wa wuya.

A asibitin ma haƙƙinsa bai faɗi ba. Ku tambaya, ba rashin kunya ba ne: wane magani ne wannan, me yake yi, kwana nawa za a riƙe shi, yaushe za a sake dubawa? In ya natsu, shi za a yi wa bayani, ba a riƙa magana a kansa yana zaune kamar buhun gero ba. In ya ce maganin na sanƙarar masa da wuya, yana sa shi dalalar da yawu, hannu na rawa, ku yarda da shi, gaskiya yake faɗi. Illar maganin ce, likita na iya rage shi ko ya ƙara wani da ke warware ta. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun ƙi magani don taurin kai, wannan ce ta kore su, ba wanda ya saurare su.

Ban ce a bar addu'a ba. A yi ruƙiyya, a sha rubutu, a haɗa da na likita, ba sa faɗa da juna. Farfesa Lambo na Najeriya, tun a 1954, ya zaunar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, duniya ta zo tana koyo. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mari da bulala da horon yunwa. Kun ji abin da ya faru a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, da ƴan sanda suka fitar da fiye da mutum 300 daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan a watan Oktoba aka yi irinsa a Daura da cikin birnin Katsina, nan bayan iyakarmu. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi. Duk inda za ka kai naka, in an ce ba a ganinsa sai bayan wata uku, ɗauko abinka ku koma gida.

Mutanen Gidan Rumji, ku kuna da wani nauyi na daban. Tun 2019 kuke karɓar ƴan'uwanmu da ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu aka zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Cikinsu akwai wanda aka kashe nasa a gabansa, yana firgita da dare, ƙarar babur kaɗai ta isa ta sa shi gudu. Irin wannan ba shi da kawu ko yaya da zai tsaya masa. In kun ga baƙo ya rikice, kada yara su bi shi da jifa, kada a ɗaure shi a bakin kasuwa. A sanar da mai gari da ma'aikatan lafiya.

Za ku so ku ji ƙarshen ɗan kawuna. Wani ma'aikacin lafiya ne da ya zo rigakafin yara ya hango shi ta kan danga. Bai yi wa Kawu faɗa ba. Ya zauna a tabarma ya ce, "Baba, ku ba ni shi wata ɗaya. In bai yi sauƙi ba, turunku na nan." Aka sake kiran maƙerin nan ya cire ƙarfen. Da ya miƙe sai ya faɗi, ƙafar ta manta tafiya, a amalanke aka kai shi bakin kwalta. Yau shekara da shekaru yana karɓar allurarsa. Ciwon ya taɓa dawowa sau biyu, kuma shi da kansa ya gaya wa matarsa da ni, tun yana lafiya, cewa in muka ga ya kwana biyu bai runtsa ba, mu kai shi ko yana zaginmu, amma kada a sa masa igiya, kada kuma a taɓa tumakinsa. Haka muka yi duka biyun. Yana ɗingishi har yanzu. Gonar ayar ba ta dawo ba, ƙwadago yake yi a cikinta, wanda ya saya yana biyansa da yini.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar farfaɗiya da yaran da ake cirewa daga makaranta saboda ita. A gaida majinyata, a gaida masu jinya. 

[Kiɗan rufe shiri]